Bayan Iyakar Gero

Kawuna mutumin Kura ne, kuma tun ina yaro sana'a ɗaya na san shi da ita: ya sayi turkudi daga hannun marina da mabuga, a naɗe masa a takarda, ya kai wa Buzaye. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda ke barin shuni a goshin mai shi, in ka ɗebe sarakai babu mai sayensa da daraja kamar mutanen Abzin. A ƙarshen kakar 2018 ƙafa ta fara damun Kawu, ya ce in raka shi Agadas in riƙe masa jaka da littafin bashi. Ciniki dai an yi, an samu abin da Allah ya nufa. Labarin hanyar zan bayar, don ban san wata hanya da mutum zai hau ya ga jama'a suna ƙarewa a gaban idonsa kamar wannan ba.

Daga Kano zuwa Daura, ta Kazaure, da wuya ka ƙifta ido ka buɗe bai sauka kan ɗan Adam ba. In babu gida akwai gona, in mai gonar ba ya ciki akwai yarinya da tallan gyaɗa a bakin titi, ko yaro yana kora jaki, ko mai babur ya ɗauko buhu biyu da matarsa. An gama girbi, dammunan gero da na dawa suna jingine a gindin rumbuna. Gona na ƙarewa wata na farawa, tsakaninsu ɗan layin gamba ne kawai, kuma ban ga saura ko ɗaya da aka bari ta huta ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4 a ƙasar da faɗinta murabba'in kilomita dubu 20 ne da 'yan kai. Tun wancan lokaci ke nan kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da 450.

Na ce wa Kawu ai ruwan sama ne ya tara mu. Ya ce, "Kai ɗan nan, in ruwa ne kaɗai, da Kwantagora ta fi Kano cika." Da gaskiyarsa. Jihar Neja ta fi Kano samun ruwa, ta kusa ninka ta huɗu a faɗi, amma a waccan ƙidaya mutanenta ba su cika miliyan huɗu ba. Inda daji ya yi duhu nan ƙudan tsando yake, shi ke sa wa shanu sammore, ya sa wa mutum ciwon barci. Bakin manyan koguna kuma akwai wani ƙaramin ƙuda mai makantar da mutane, har ƙauye ya tashi ɗungurungum. Ga hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19 da suka kwashe jama'a daga wurare da dama, aka zube da yawansu a rinjojin Kano da Zazzau da Sakkwato. Ba abin alfahari ba ne, amma yana cikin lissafin cikar ƙasarmu.

Ita kuwa Kano daidai-wa-daida ta samu: ruwa kimanin milimita 800 a shekara, ƙasa mai laushi da fartanya ke shiga, rijiya ba zurfi, ga badala da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda manomi zai ruga cikinta in yaƙi ya taso. Sai taki. Kawu ya ce yana yaro jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangalar toka da shara da kashin awaki a kai gona, shi ya sa ake noma wuri ɗaya shekara da shekaru bai gaji ba. Jama'a na kawo taki, taki na kawo hatsi, hatsi na ƙara jama'a. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuɗin gyaɗa ya ƙara ɗaure abin tamau.

Muka ƙetare a Kwangwalam, aka duba takardunmu a Ɗan Barto. In ba don kakin jandarma da kuɗin da suka koma sefa ba, babu abin da zai nuna maka ka bar Najeriya. Yaren ɗaya, rumbun ɗaya, cikar ɗaya. Abin da ƙasar Matamaye ta fi mu shi ne gawo. Gonakinsu cike suke da shi, matasa da tsofaffi, don manoman can sun daɗe da daina sare tohon da ya fito da kansa. Itace ne mai zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabba 'ya'ya, dabbar ta bar taki a gindinsa.

A Damagaram na fara ganin ruwa ya zama abin lissafi. Garin zaune yake a kan duwatsu, manyan dunƙulallu da suka kutsa har tsakanin gidajen Birni, kuma dutse ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa yadda rairayi ke yi. Kowane lungu ka leƙa akwai jarkoki a jere suna jiran famfo. Nan ne Faransawa suka ajiye hedikwatar mulkinsu daga 1911, a 1926 suka tattara suka koma Yamai, bakin kogin Kwara, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata. Ruwan saman garin kusan rabin na Kano ne. Duk da haka birni ne na gaske, da fadarsa da kasuwanninsa, don tun zamanin Sarki Tanimun nan ayarin Tarabulus da na Borno da na Kano ke haɗuwa.

Motar Agadas ta tashi da asuba. Allah ya haɗa ni kujera da wani malamin makaranta, mai koyar da tarihi da labarin ƙasa, yana komawa bakin aiki. Fasinjoji Mushe suke ce masa, wato Monsieur na Faransanci, Kawu ya ce shi Malam ya sani. Mutum ne mai son a tambaye shi, ni kuma na samu abokin hira.

Da farko ba ka lura. Mun wuce matatar man da aka buɗe a 2011, wutarta na ci a sama tsakiyar fili, muka wuce Bakin Birji da Sabon Kafi. Sai can ka farga cewa ka daɗe ba ka ga kuka ba. Tsamiya ta riga ta ɓace, ɗorawa tun ƙasar Daura aka rabu da ita. Gawo ya yi ta raguwa har ya bar fili ga aduwa da farar ƙaya da tumfafiya. Dawa ta janye, saura gero kaɗai, shi ma karansa sirara, an shuka shi nesa da juna, don kowane rami sai an bar masa filin da zai tsotsi danshi. Tsakanin ƙauye da ƙauye ya fara tsawo. Ƙauyukan ma sun ƙanƙance, bukkoki sun fi soraye yawa, kuma in ka dubi bakin titi mata da tsofaffi da yara za ka fi gani, mazan sun tafi cirani.

Mushe ya ce, "Iskar damina daga teku take tasowa, can bayan Legas. Tana hawowa a hankali, ta iso muku wajen Mayu ko Yuni, ta iso nan a Yuli, a Agusta ƙarfinta ya ƙare, iskar Sahara ta turo ta baya. Ku na kudu kun sha ta tana zuwa, kun sha ta tana komawa. Mu ƙarshen numfashinta muke samu." Ya ce gero mai saurin nuna yana son kwana 70 zuwa 90 da danshi, da ruwan da bai gaza milimita 300 ko 350 ba. Inda damina ta kasa haka, ka shuka ne kawai ka jira ikon Allah: bana a samu, baɗi da baɗin baɗaɗa a tashi da kara.

Tanut ita ce babban garin Damargu, kuma nan ne ƙofar. A da Damargu ce rumbun Abzinawa, nan suke sayen hatsin shekara. Yanzu ruwanta bai cika kai milimita 300 ba. Mushe ya ce gwamnatinsu ta taɓa shata layi da doka, ranar 26 ga Mayu 1961, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, manomi ba shi da hurumin yin gona, in ya yi dabba ta ci babu diyya. Na tambaye shi ko ana bi. Ya yi dariya ya nuna min wata gona da ba ta fi inuwar motarmu albarka ba, can gaba da garin. Kudu ta cika, 'ya'ya sun yi wa gonar gado yawa, dole wasu su matsa. Shekarar da aka yi ruwa su ci riba, shekarar fari irin 1973 ko 1984 su watse, kuma rikicinsu da makiyaya ba ya ƙarewa, don burtali da makiyaya suke nomewa.

Bayan Tanut kwalta ta fara zuwa tana tafiya, wani wuri akwai, wani wuri direba ya sauka ya bi sawun waɗanda suka riga shi. Gero ya tsaya. Abin da ya rage fili ne shimfiɗe har inda ido ya gaji, busasshiyar ciyawa ruwan ƙwai, ƙarangiya, da 'yan itatuwan ƙaya ɗaya nan ɗaya can. Aka daina hira a motar. Kawu ya ja rawani ya rufe hanci ya kama carbi.

Wajen azahar taya ta fashe. Muka sauka, na juya gabas da yamma, na ce wa Mushe, "Malam, nan kam babu kowa." Ya ce in dakata. Kafin yaran mota su kwance tayar, sai ga wani saurayi Bororo tsaye a gefenmu da sanda a wuya, ban ga ta inda ya ɓullo ba. Can sai ga yarinya da cuku a faifai tana sayarwa. Can sai Buzu a kan raƙumi ya zo ya gaisa da direba da sunansa, ya karɓi saƙon shayi da sukari. Mushe ya ce, "Idon manomi gare ka, Malam. In ba ka ga kunya da rumbu ba sai ka ce ƙasa ba ta da mai ita. Duk ciyawar nan an san garken da zai ci ta, da watan da zai ci."

Saurayin ya kai mu rijiyarsu, 'yar tafiya bayan wani tudu. Nan na ga jama'ar da fili ya ɓoye: shanu jajaye masu dogayen ƙaho, raƙuma, tumaki, jakuna ɗauke da salka da jarkoki, kowane garke na jiran layinsa. An kafa itace mai baki biyu da ƙwarƙwaro a kai, an ɗaura igiyar wasaki a jikin jakuna, yaro ya kora su su yi ta tafiya, sai sun yi nisa har muryar mai kira ta fara dusashewa kafin wasakin ya leƙo baki. Mai rijiyar ya ce gaba talatin ce da wani abu. Na yi ta kallon wahalar da ake sha a kan guga ɗaya, na gane abin da ya sa ba a yin gari a nan. Rijiya ɗaya iyakar dabbar da za ta shayar a yini sananne ne, ciyawar da ke kewaye da ita ma haka. In mutane suka taru suka zauna, wata biyu ciyawar ta ƙare, dabbobi su mutu, su ma su bi. Warwatsuwar ita ce dabarar zama. Da damina su yi arewa, wajen Satumba su haɗu a Ingal dabbobi su lashi gishiri, da rani su gangaro kudu. Ni dai tun ranar na daina jin daɗin masu cewa makiyayi ya zauna wuri ɗaya kamar kowa, alhali ba su taɓa tambayar me zai zauna a kai ba.

Dare ya same mu a Adarbissinat, aka tsaya cin abinci. Muna zaune kan tabarmar mai shayi, sanyi ya fara sauka, Mushe ya share rairayi da tafin hannu ya zana taswirar ƙasarsu. Ya ja layi kusa da gindinta ya ce yawancin 'yan Nijar a wannan siririn zirin suke. Jihar Agadas kaɗai murabba'in kilomita dubu 667 ce, fiye da rabin ƙasar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, cikin miliyan 17 na ƙasa duka. Jihar Maraɗi, da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na faɗinta ba, tana da miliyan 3.4. Na yi lissafi a wayata: za a zuba Jihar Kano sau 33 a cikin ta Agadas, kuma murabba'in kilomitan da ke ɗauke da mutum 450 a gida, a nan bai samu cikakken mutum ɗaya ba.

Kawu ya ce, "To Malam, ku kaɗai Allah ya yi wa haka?" Mushe ya ce ina, duniyar duk haka take. Ya ce a Masar kusan kashi 95 cikin ɗari na jama'a a bakin Nilu suke, har mutum na iya tsayawa ƙafa ɗaya a gona ɗaya a hamada. Indiya da Sin su biyu sun kwashe fiye da sulusin 'yan Adam, galibi a kwarurukan manyan koguna masu kawo laka, inda shinkafa ke ciyar da gida guda a ɗan filin da gero ba zai ciyar da mutum biyu ba, a kuma noma shi sau biyu a shekara. Bangaladash, 'yar ƙasar da ba ta kai kwatan Jihar Agadas ba, ta fi Rasha yawan mutane, don rabin Rasha sanyi ya yi mata abin da fari ya yi wa Nijar. Mangoliya ta fi Nijar faɗi, mutanenta miliyan uku ne da kaɗan, su ma makiyaya. Dajin Amazon kuma ruwan ne ya yi yawa har yana wanke ƙarfin ƙasa. Mai shayi, da ke saurare tun ɗazu, ya ce shi dai abin da ya sani shi ne in mota ta daina bi ta nan, gobe zai naɗe tabarmarsa.

Maganarsa ce ta fi zauna min da muka gangara dutsen Tigidit, can gaba hasumiyar Agadas ta bayyana daga nesa. Bayan duk wannan fili, ga birni mai mutum fiye da dubu ɗari, a wurin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 150 ba. Da lissafin gero, bai kamata a ce akwai shi ba.

Na hau hasumiyar washegari. Mita 27 ce, ta laka zalla da itatuwa tsire a jikinta, an fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Matakalar tana ƙuntata har sai ka karkace kafaɗa, ga jemagu. Daga sama za ka ga fadar Sarkin Abzin a ƙasanka, da jajayen soraye, da inda garin ya yanke kamar an sa wuƙa, sannan duwatsun Abzin baƙi-baƙi a arewa. Tun ƙarni na 15 sarautar take nan. Abin da ya kafa garin mahaɗa ce: mai zuwa daga Gat da Tarabulus, da mai zuwa daga Gawo da Tambutu, da mai tasowa daga Kano da Katsina, duk sai sun sauke a inda akwai rijiya da sarkin da zai raba gardama. Har yau Hausa ake ciniki da ita a kasuwar, kuma ta fi tawa tsabta a wasu wuraren.

Mai masaukinmu wani dattijon Buzu ne da suka shekara aru-aru suna hulɗa da Kawu. Da ƙuruciya ya bi ayarin gishiri. Ya ce bayan damina, wajen Oktoba, suke tashi daga Abzin, kowane raƙumi da hatsi da dammunan ciyawar da zai ci, don a Tenere babu ko tsinke. Su bi madugu su ratsa zuwa Fashi da Balma, su ba da hatsi su karɓi kantu da dabino. Balma ruwan samanta bai kai milimita 20 a shekara ba, amma akwai idanun ruwa a gindin dutsen Kawar, akwai gishiri, don haka akwai mutane, suna cin tuwon geron da ba su taɓa ganin gonarsa ba. In ayari ya dawo ya huta sai ya yi kudu, Damargu, Damagaram, har ƙasar Kano, a sayar da gishiri, a sayi hatsi da turkudi, raƙuma su yi rani a gonakin Hausawa. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, takin nan da kuke taƙama da shi, har da na raƙumanmu a ciki. Kakanninka dami suke ba mu don mu kwana a gonarsu." Kawu ya ce ba ya musu, amma ba zai rage kuɗin rawani ba.

Ɗansa ya kai ni garake a bakin koramar Telwa, wajen Azal. Koramar busasshiyar rairayi ce, sai an yi ruwa a kan duwatsu take taso wa 'yan kwanaki, wani lokaci da ƙarfin da ke cin gidaje, kamar yadda ta yi wa Agadas a 2009. Amma ruwan na nutsewa ya kwanta a ƙarƙashin yashi, gaba kaɗan ka tarar da shi. Gefe da gefe kore ne shar: albasa, tumatir, dankalin Turawa, tafarnuwa, alkama, dabino a sama. Na ga inda raƙumi ke jan wasaki mai hanci yana juyewa da kansa a kwararo, ko da yake injin ban-ruwa ya kusa kore shi. Faɗin koren bai fi jifa biyu ba. Ka taka bayan shingen ƙarshe, dutse ne da ƙuna. Duk ƙauyukan Abzin haka suke jere a bin koramu, har Timiya mai lemu da rumman da muka saya a kasuwa, kuma albasarsu manyan motoci ke kwasa har Abijan da Ankara ta Gana.

Kasuwar Agadas ta yi sanyi a lokacin. A da duk Litinin motoci ke fita a jere zuwa Dirku da Libiya cike da matafiya, masu masauki da masu jarkoki da masu abinci suna ci daga ciki. Dokar 2015 ta hana jigilar, aka kama motoci, da yawa suka rasa abin yi. Sai a ƙarshen 2023 aka soke ta.

Kawu yana da masu bashi a Arlit, don haka muka ƙara gaba a motar wani ɗan kasuwa, kusan kilomita 240. Titin da aka shimfiɗa don uraniyom ya farfashe har gefensa ya fi shi daɗin bi. Muka bar mararrabar Cirozerin, inda ake haƙar kwal a ƙona a ba Arlit da Agadas wuta. Can tsakiyar hanya mai motar ya ce ba za a ce baƙo ya wuce Dabus bai gani ba, ya karkata.

Wasu duwatsu ne a fili, da masu gadi 'yan yankin. Ka hau, sai ga raƙumin dawa an sassaƙa shi kwance a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita biyar, da ƙarami a gefensa. An fitar da kowane zanen fatarsa, da kofato, da gashin wuya. Wanda ya yi shi ya san dabbar, ya daɗe yana kallonta. Masana na ƙiyasta shekarunsa da dubu shida zuwa takwas. Raƙumin dawa kuwa ganyen dogayen itatuwa yake ci, kuma waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma yau galibinsu suna can Kure, kusa da Yamai. Mushe ya riga ya ba ni labarin Gobero, cikin Tenere, inda a shekarar 2000 masu neman ƙasusuwan dabbobin dā, ƙarƙashin Paul Sereno, suka ci karo da maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, da ƙashin manyan kifaye da kada da dorina. Iskar daminar nan da ke ƙarewa a Tanut, a wancan zamani tana kaiwa har tsakiyar Sahara. Da ta ja baya mutane suka bi ta, wasu kudu, wasu bakin Nilu. Ina tsaye a kan dutsen na yi tunanin cewa ba mamaki cikar da na baro a gida tana da tushe a wannan fili.

Arlit kuwa ba ta da koramar kirki, ba ta da tsohuwar fada, ba ta da gishiri. Kafin 1969 babu gari a wurin. Faransawa suka gano uraniyom, aka fara fitar da shi a 1971, aka ƙara wata mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Akokan a 1978. Aka gina gidajen ma'aikata da asibiti, 'yan kasuwa da masu neman aiki suka biyo baya suka kewaye su da unguwannin laka da kwano, har ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum dubu 80. Ruwan da suke sha daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, wanda ya taru tun zamanin da ƙasar ke da danshi, kuma sama ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Hatsi da mai da itace duk a mota suke zuwa. A wancan lokaci garin rataye yake a kan farashin wani dutse da ake yankewa a wata nahiya, don a kunna fitila a Faransa, inda kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarki daga nukiliya yake. Lokacin da muka je maganar rufe Akokan ce a bakin kowa, masu bashin Kawu ma da ita suka kare kansu. An kuwa rufe ta a ƙarshen Maris 2021.

A tashar Arlit na zauna da wani saurayi ɗan Kance, daga ƙasar gawon nan da muka ratso. Su tara ne maza a gidansu, gonar uban ba ta kai su wata huɗu. Yana jiran motar Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, inda zinariya ta ɓulla a 2014, shekarar da ta ɓulla a Jado. Ya taɓa zuwa. Ya ce wurin babu itace, babu rijiya, amma akwai dubban mutane, da masu gyaran waya, da masu tuwo, da masallaci. Da tanka ake kai ruwa daga nesa, kuma kafin a raba abin da rami ya bayar sai an fara cire kuɗinsa. Wanka sai ranar Juma'a, in an samu.

Na ce, "Ɗan'uwa, in zinariyar ta ƙare fa?" Ya ce, "Yaya, ai ranar kowa zai kama gabansa, ko kare ba zai kwana a can ba." Ya ce shi ko ya samu ko bai samu ba, ruwan shuka a gida zai same shi, don babu mai nome masa rabonsa. Motarsu ta tashi bayan la'asar, gangunan ruwa shida a baya, fasinjojin a kan gangunan.